Bencin Abota na Zimbabwe: shin zai iya ɗaukar manomi?

Mai karatu, idan ka taɓa halartar taro ko bita a kan lafiyar ƙwaƙwalwa a Afirka, da wuya a tashi ba a ambaci Friendship Bench ba, wato Bencin Abota na ƙasar Zimbabwe. Duk lokacin da wani ya tambayi yadda za a yi da mutanen karkara, manoma da makiyaya da ba su da likita kusa, amsar da ke fitowa da sauri ita ce a yi musu irin na Zimbabwe. Ni ma na daɗe ina ba da wannan amsa, har sai da na zauna na karanta ainihin binciken da ake kafa hujja da shi. Bayan na gama, girmamawar da nake yi wa shirin ta ƙaru, amma amsar tawa ta sauya. Yau ina so mu duba abin da binciken ya tabbatar, da abin da ake jingina masa alhali bai faɗa ba.

Yadda abin ya faro

Dixon Chibanda likitan ƙwaƙwalwa ne a Harare, a lokacin da likitoci irinsa ba su kai 20 ba a faɗin Zimbabwe. Ya sha ba da labarin wata mara lafiyarsa da ta kashe kanta a 2005, bayan iyalinta sun kasa samun kuɗin motar da za a kawo ta asibiti. Daga nan ya fara tunanin cewa in mara lafiya ba zai iya zuwa wurin likita ba, to dole a nemo wanda ke zaune kusa da shi a koya masa aikin. A 2006 aka fara da tsofaffin mata 14 a unguwar Mbare, waɗanda dama ma'aikatan sa-kai ne na kiwon lafiya. Aka ajiye benci na katako a harabar ƙaramin asibiti, mutum ya zo ya zauna da kaka su yi magana.

Ba hira ce kawai ba, akwai tsari. A harshen Shona, suna kiran ciwon da kufungisisa, wato yawan tunani. Ka ji kalmar da Bahaushe ma zai gane nan take. Kakar za ta fara da barin mutum ya zazzage abin da ke cikinsa. Sai su jera matsalolin ɗaya bayan ɗaya, shi da kansa ya zaɓi guda wadda yake ganin zai iya taɓawa, su tsara matakin da zai ɗauka kafin zama na gaba. Masana na kiran wannan hanya da magani ta warware matsala. Zama 6 ake yi.

Abin da gwajin ya nuna

A watan Disamba na 2016 mujallar JAMA ta buga sakamakon gwajin. An ɗauki ƙananan asibitoci 24 a Harare, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a: 12 suna da benci, 12 suna ba da kulawar da aka saba tare da ɗan ƙarin bayani. Amfanin ƙuri'a shi ne kada mai bincike ya zaɓi asibitocin da ya san za su yi kyau ya ba su shirin. Mutum 573 suka shiga, dukansu sun nuna alamun damuwa a wata takardar tambayoyi 14 da aka tsara da harshen Shona.

Bayan wata 6, kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a benci ne ke da alamun ciwon damuwa, alhali a ɗaya ɓangaren kusan kashi 50 ne. Masu tunanin kashe kansu kuwa kimanin kashi 2 ne a ɓangaren benci, kashi 12 a ɗayan. Wannan tazara ba ƙarama ba ce. Kuma an sake samun sama da kashi 90 na mutanen a ƙarshen gwajin, don haka ba za a ce waɗanda abin bai yi wa amfani ba sun gudu ne aka ƙirga sauran.

Dole a yaba. Gwajin ya rusa tunanin cewa sai mai digiri ne zai iya taimaka wa mai ciwon damuwa. Ya yi amfani da kalmar da mutane ke kiran ciwonsu da ita, da ma'aunin da aka gina a cikin harshensu. Mu a Najeriya, inda likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, ba mu da bakin raina wannan darasi. Ba baƙo ba ne ma a wurinmu: tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, tare da danginsu, maimakon a kulle su a ɗaki.

To ina matsalar take? Tana wurin ɗauko wannan sakamako a ɗora wa manomi kai tsaye.

Waye ya zauna a bencin?

Ka duba mutanen da aka gwada. Kusan kashi 86 cikin 100 mata ne. Kusan kashi 42 suna ɗauke da ƙwayar cutar HIV. Mazauna birni ne, kuma da ƙafarsu suka zo asibiti, a can aka same su. Wato gwajin ya amsa tambaya ɗaya: idan mace mazauniyar Harare ta zo asibiti tana da damuwa, shin zama da kaka zai taimaka mata? Amsa ita ce e. Bai tambayi komai a kan magidanci ɗan shekara 50 da ruwa ya cinye masa shinkafa ba.

Kada ka ce ai mutum mutum ne. A wannan fanni bambancin yana da nauyi. Mata sun fi bayyana alamun damuwa, sun fi zuwa asibiti, amma a kusan duk ƙasashen duniya maza sun fi mutuwa ta hanyar kashe kai. A Indiya, hukumar da ke tattara alƙaluman laifuka ta ƙirga sama da mutum 11,000 daga cikin manoma da 'yan ƙwadagon gona da suka kashe kansu a 2022, kuma mafi yawansu maza ne. Ka ga ke nan wanda ya fi zama cikin haɗari shi ne wanda ya fi ƙaranci a kan bencin.

Ka kawo abin gida. An raini namiji a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Manomin da ya yi asara zai ce maka jininsa ne ya hau, ko barci ne ba ya samu, ko jiki ne ya mutu. Ba zai ce yana da ciwon damuwa ba. Ina da baffa da ya yi shekara guda yana yawo tsakanin kemis da kemis bayan wata damina da ta ɓaci, ana ba shi maganin zazzaɓi da na ƙarin jini. Ya daina zuwa majalisa, ya daina cin kasuwa, mu kuma muna cewa tsufa ne. Babu wanda ya tambaye shi nawa ake binsa. Mutum irinsa zai kai hatsi kasuwar Dawanau da murna, amma ka ce masa a je asibitin Dawanau, ka zage shi. Shin zai zauna a benci a harabar asibiti, inda duk mai wucewa ke ganinsa, ya faɗa wa wata tsohuwa cewa ya kasa ciyar da gidansa? Gwajin Harare bai gwada wannan ba.

Matsalar da ba ta warwaruwa a kan benci

Abu na biyu ya fi zurfi. Magani ta warware matsala yana tsaye ne a kan zato ɗaya: cewa a cikin tulin matsalolin mutum akwai wadda ke hannunsa. Sau da yawa haka ne. Rikici da miji, kuɗin makarantar yaro, yadda za a faɗa wa dangi sakamakon gwajin jini, duk ana iya sassara su zuwa ƙananan matakai.

Yanzu jero na manomi. Ruwa ya ɗauke ana tsakar fitar da kai. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, ta shafe gonaki a Jigawa da sauran jihohi. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato akwai ƙauyukan da sai an biya 'yan bindiga kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. A Nuwamban 2020 an yi wa aƙalla manoman shinkafa 43 na Zabarmari kisan gilla suna cikin aiki a Borno. Ga bashin taki da aka ci a kan za a biya da kaka, ga farashi da ke faɗuwa daidai lokacin da kowa ya fito da amfaninsa. Wanne daga ciki mutum zai zaɓa ya ce zai magance kafin mako mai zuwa?

Ba ra'ayina ba ne kawai, an gwada. Johannes Haushofer da abokan aikinsa sun yi wani gwaji a karkarar Nakuru ta ƙasar Kenya, wanda suka fitar a 2020. Sun raba talakawa kashi huɗu: wasu aka ba su kuɗi a hannu, wasu aka yi musu zaman tattaunawa na mako 5 bisa wani tsari na Hukumar Lafiya ta Duniya da shi ma ya dogara da warware matsala, wasu aka haɗa musu biyun, wasu ba a ba su komai ba. Bayan shekara guda, waɗanda suka samu kuɗi sun fi cin abinci, sun fi mallakar kadara, kuma hankalinsu ya fi kwanciya. Waɗanda aka yi wa tattaunawa kaɗai ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani tsakaninsu da waɗanda ba a ba komai ba.

Adalci ya sa in ce wannan gwaji ɗaya ne a wuri ɗaya, kuma tsarin da aka yi amfani da shi ba shi ne bencin ba, ɗan'uwansa ne. Akwai kuma hujja a ɗaya ɓangaren. A ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan, Atif Rahman ya horar da mata ma'aikatan lafiya su riƙa bin masu juna biyu da ke fama da damuwa har gida. A sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2008, bayan wata 6 kashi 23 ne ke da sauran ciwon a cikin waɗanda aka bi da tsarin, kashi 53 a ɗaya ɓangaren. Don haka magana tana aiki a ƙauye. Amma ka lura, nan ma mata ne, kuma gida aka bi su.

Akwai wani ɗan abu a gwajin Harare da ba a cika faɗa ba. Bayan 'yan zama a benci, ana gayyatar mutum ya shiga ƙungiyar waɗanda suka riga shi, inda ake haɗuwa ana saƙa jakunkuna da tsofaffin ledoji ana sayarwa. Ana kuma bibiyarsa ta waya. Gwajin ya auna ƙunshin ne gaba ɗaya, bai ware wane kaso na sauƙin ya fito daga maganar kaka ba, wane ya fito daga samun abokai da ɗan kuɗin shiga. Wanda ya kwafi bencin ya bar jakar, ba abin da aka gwada ya kwafa ba.

Shekarar manomi ba shimfiɗaɗɗiya ba ce

Abu na uku shi ne lokaci. Wata 6 a birni wata 6 ne. A ƙauye kuwa, in ka fara auna mutum a watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba, ka sake auna shi a Fabrairu da hatsi a ɗaki, za ka ga ya samu sauƙi ko da ba ka yi masa komai ba. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2013 ya gwada manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya, kafin girbi da bayansa. Mutanen nan dai su ne, amma sun fi yin kuskure a gwajin tunani kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe. An yi muhawara a kan girman tasirin, tun da wanda ya yi jarrabawa sau biyu yakan fi iyawa a karo na biyu. Duk da haka darasin ya tsaya: duk ƙungiyar da ta zo maka da rahoton cewa ta auna manoma kafin shiri da bayansa ta ga sauƙi, tambaye ta a wane wata ta auna, kuma da su wa ta kwatanta.

Lokacin kuma ya shafi halarta. Watannin da damuwa ta fi tsanani su ne watannin noman farko da maimai, lokacin da manomi ba shi da awa ɗaya ta zama a benci. Lokacin da yake da sarari, da rani, yawancin matasan sun tafi ci-rani.

Abin da ya fi ceton rai bai yi kama da magani ba

In tambayar ita ce wane mataki ne aka tabbatar ya rage mutuwar manoma, hujja mafi ƙarfi ba daga ɗakin likita ta fito ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kusan ɗaya cikin biyar na kashe kai a duniya ta hanyar shan maganin feshi ne, yawanci a yankunan noma. Da yawa daga cikinsu abu ne na ɗan lokaci: faɗa ya ɓarke, zuciya ta ɗebi mutum, gubar kuma tana rataye a zaure. In abin da ya sha mai saurin kisa ne, babu damar nadama.

Siri Lanka ta kasance cikin ƙasashen da suka fi yawan kashe kai a duniya a 1995. Gwamnati ta bi magungunan da suka fi kisa tana haramta su daki-daki: wasu a 1984, rukunin mafi haɗari a 1995, endosulfan a 1998, sannan paraquat da wasu biyu tsakanin 2008 da 2011. Yawan kashe kai ya ragu da kusan kashi 70, kuma masu bincike sun kiyasta an ceci rai kimanin 93,000 tsakanin 1995 da 2015. Da aka duba amfanin gona, ba a ga ya ragu saboda haramcin ba, domin manoma sun koma ga magungunan da ba su kai waɗancan guba ba.

Ga kuma abin lura. A wannan ƙasa dai an gwada hanya mai laushi: aka raba akwatuna masu makulli a ƙauyuka, gwajin da ya shafi gidaje sama da 53,000, don a riƙa kulle maganin. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna babu bambanci. Bayan shekara 3, kusan rabin gidajen ne kawai ke ci gaba da kullewa. Wato ɗora wa manomi nauyin kare kansa bai yi aiki ba, cire gubar daga kasuwa ya yi. A nan gida, NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben dichlorvos a 2019, sinadarin da ke cikin abin da muke kira fiya-fiya. Ka shiga kasuwar ƙauye ranar da take ci ka duba teburin masu maganin feshi, sai ka yanke wa kanka hukunci a kan nisan da ke tsakanin doka da aiki.

To me nake cewa?

Ba cewa nake a watsar da bencin ba. Cewa nake a daina amfani da shi a matsayin amsa mai arha ga tambaya mai tsada. Ya fi sauƙi a horar da mutum 20 na mako biyu a ɗauki hoto, a kan a biya diyyar ambaliya a kan lokaci, ko a tsare hanyar gona, ko a kwashe guba daga kasuwa. Haɗarin shi ne a mayar da asarar gona ta zama ciwon kan manomi, a koya masa haƙuri, alhali ya fi mai koyarwar sanin haƙuri.

Abin da ya cancanci ɗauka daga Harare shi ne hanyar tunanin, ba katakon ba. Chibanda ya tambayi wa mutane suka yarda da shi, a ina suke zama, da wace kalma suke kiran ciwonsu. In muka yi wa ƙauyenmu waɗannan tambayoyi, ga mace mai yiwuwa amsar ta zama ungozoma ko uwar adashi, a cikin gida. Ga namiji kuwa ta iya zama limami, ko sarkin noma, ko malamin gona, ko ma mai shagon taki wanda ya fi kowa sanin waye bashi ya yi wa katutu. Farfesa Oye Gureje ya nuna a gwajin da aka buga a 2020, a Ibadan da Kumasi, cewa masu maganin gargajiya da na addini za su iya aiki tare da ma'aikatan asibiti, kuma masu taɓin hankali su fi samun sauƙi. Sai dai duk wanda aka zaɓa, a gwada shi da ƙuri'a, a kan manoma maza da mata, a bi su damina da rani, a kuma haɗa da abin da ke taɓa aljihu.

Akwai kuma gyaran da ba ya buƙatar gwaji. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, ci gaba ne. Amma sashe na 231 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Iyalin da ke tsoron 'yan sanda za su ɓoye, su ce kuskure ne, mu kuma mu ci gaba da cewa abin ba ya faruwa a wurinmu saboda ba mu da alƙaluma.

Kai kuma, mai karatu, wataƙila kana da naka baffan. In ka ga manomi ya janye daga mutane bayan asara, barci ya ƙaurace masa, ya daina kula da gonar da yake ji da ita, ko ya fara cewa gara ba ya raye, kada ka tsaya a kan "sai haƙuri". Zauna da shi ku biyu, ka tambaye shi kai tsaye me ke damunsa, har da batun bashin. Bincike ya nuna tambayar mutum ko yana tunanin cutar da kansa ba ta saka masa tunanin. In amsar ta ba ka tsoro, a fitar da maganin feshi daga gidan gaba ɗaya, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Baffana ya samu sauƙi daga baya, bayan an haɗu an biya rabin bashin, wani jami'in lafiya kuma ya zauna ya saurare shi. Har yau ban iya cewa wanne ne ya fi yi masa aiki ba, kuma ina zargin ba a raba su.